Yadi Bakwai

Assalamu alaikum. Kusan kowane mako sai wani matashi ya turo min saƙo, daga Kano ko Kaduna ko Kumasi, yana tambayar yadda zai yi ya zo Amurka ya buga irin ƙwallon da na buga, wato ƙwallon Amurka da ake ruga da ita a hannu. Tun da hukumar NFL, mai gudanar da babbar gasar wannan wasa, ta fara zuwa Afirka neman yara, har ta yi sansaninta na farko a Gana a 2022, saƙonnin suka ƙaru. Da can nakan ce "Allah ya ba da sa'a" in wuce. Yau na ga gara in zauna in ba da labarin gaba ɗayansa, har da wuraren da na daɗe ina ɓoyewa. Ba zan kama sunan kowa ba, ba zan faɗi makaranta ko ƙungiya ba. Hausar kuma a yi haƙuri da ita, ta Umma ce, wadda ta kafa dokar cewa duk wanda ya yi mata Turanci a cikin gida, to ya nemi inda zai ci tuwo.

An haife ni a Kano a 1994. Baba tela ne, yana da ɗan shago ba nisa da Kantin Kwari. Abin da na fi tunawa da yarintata shi ne langa da daddare a ƙofar gida, kuma kullum ni ake sawa ruwa, saboda ni gajere ne mai kauri, ture ni sai an shirya. A 2004 Baba ya ci cacar bizar Amurka, muka tattara muka sauka a birnin Hustan na jihar Tekzas, a wata unguwa ta kudu maso yamma da 'yan Nijeriya suka yi yawa. Keken ɗinkin bai biyo mu ba. Baba ya koma tuƙin tasi, dare da rana.

Ina shekara goma sha uku malamin motsa jiki ya ga gudun da na yi, ya ba ni takarda in kai gida a sa hannu. Da asuba na tare Baba yana shirin fita. Ya ɗora takardar a kan bonet, ya ga kalmar da ya sani a matsayin ƙwallon ƙafa, ya ce, "Ai ƙwallo ce," ya sa hannu ya tafi. Ranar da ya fara zuwa kallo, ko rabin lokaci bai kai ba ya fice. A mota ya ce min, "Kai, wannan ba ƙwallo ba ce. Dambe ne aka sa wa hular kwano."

Sai da na yi masa bayani da langa sannan ya saurara. Na ce, Baba, mutum goma sha ɗaya ne kowane ɓangare. Ni ne ruwa. Madugunmu zai karɓi ƙwallo ya danna min ita a ciki, ƙarti biyar na gaba su ture mutane su buɗe min ƙofa, ni kuma in ruga. Ana ba mu dama huɗu mu ci yadi goma, in mun ci a ƙara mana huɗu, har mu kai ƙarshen fili mu sami maki shida. Yana jin kalmar yadi ya juyo. "Yadi? Irin namu?" Na ce irin naku, filin yadi ɗari ne. Ya yi shiru yana lissafi, can ya ce, "Shadda ashirin ke nan, yadi biyar-biyar." Daga ranar, duk Juma'a da daddare in na dawo daga wasa, tambayarsa ɗaya ce: yadi nawa ka yanko yau?

Wanda bai zauna a Tekzas ba ba zai gane yadda suke ɗaukar wasan 'yan sakandare ba. Gari guda ne yake fitowa daren Juma'a, da makaɗa, da 'yan jarida. Kociyoyi kuwa, da zarar sun ji kai ɗan Nijeriya ne kuma kana ruga da ƙwallo, sai su kawo maka labarin Christian Okoye, mutumin Inugu da ya zo Amurka wasan jifa, ya shiga wannan wasa da girmansa, a 1989 ya fi kowa yadi a NFL da 1,480. Na haddace wannan lamba kamar karatun allo. Abin da ba wanda ya gaya min shi ne shekara shida kacal ya yi, gwiwa ta zaunar da shi.

Azumin 2011 ya faɗo a watan Agusta, daidai lokacin atisayen share fage, kuma a shekarar an yi zafin da tsofaffin Hustan suka ce ba su taɓa gani ba, kusan kullum digiri 38. Na yi azumina cikin sulke da hular kwano. Abin da ya ƙarfafa min gwiwa shi ne labarin Husain Abdullah, Musulmin da ya yi azumi a sansanin ƙungiyar Minnesota shekara guda kafin nan. Kociyoyi suka yi ta yabona, wai yaron nan ba ya kuka da komai. Na ji daɗin yabon fiye da kima. Yanzu in na waiwaya, a nan na koyi mugun darasin da ya bi ni: cewa darajata tana cikin iya shanye ciwo in yi shiru.

Ƙaryata ta farko a watan Oktoba na wannan shekara na yi ta. An gaya mana akwai masu farautar 'yan wasa daga jami'o'i a cikin 'yan kallo. A zagaye na biyu wani ya same ni da kai a gefen kunne. Na ga fitilun fili sun koma ruwan ɗorawa, bakina ya cika da ɗanɗanon ƙarfe, ƙarar jama'a ta yi nisa kamar na nutse a rijiya. A can sukan ce an kaɗa maka ƙararrawa, su yi dariya. Mai kula da lafiyarmu ya riƙe kafaɗata ya ce, "Su wa muke bugawa da su?" Wallahi ban sani ba. Abokina da ke bayansa ya motsa leɓe ya faɗa min, na maimaita. Aka mayar da ni. An ce na kai ƙwallo gida sau biyu bayan nan. Na gani a bidiyo, amma har yau babu shi a kaina. Mako uku bayan haka wata jami'a a arewacin ƙasar ta ba ni gurbin karatu kyauta. To ka ga ƙarya ta biya, wa zai hana ni ƙarawa?

Zaman jami'a ba sai na ja shi ba. Sanyi, tashin ƙarfe biyar, ɗaga ƙarfe, kallon bidiyon abokan hamayya, aji in an samu sarari. A lokacin doka ta hana ɗan wasan jami'a karɓar ko sisi, sai a 2021 aka sassauta. An zaɓa min fannin karatun da ba zai ci karo da atisaye ba, ban yi musu ba. A Oktoban 2014 na dasa ƙafar dama zan karkata, wani ya faɗo a kanta, na ji ƙas! kamar an karya rake. Jijiyar tsakiyar gwiwa ce, wadda likitoci ke kira ACL. Aka yi aiki, aka yanko wata jijiya daga jikina aka dasa. Duk mai wannan rauni a zamanin sunan mutum ɗaya yake riƙewa: Adrian Peterson, wanda tasa ta tsinke a Disamban 2011, ya dawo a 2012 ya yi yadi 2,097. Na manna hotonsa a bango. Ban tsaya na tambayi kaina ba, mutum nawa ne tasu ta tsinke a wannan shekarar waɗanda ba wanda ya sake jin ɗuriyarsu.

Na dawo, na yi shekarar ƙarshe mai kyau a 2016. Saura min zango ɗaya in gama digiri na ajiye karatun, na tafi horon gudu. Ba a gayyace ni babban gwajin masu neman shiga NFL da ake yi a Indiyanapolis ba, sai na makarantarmu. Rayuwar mutum gaba ɗaya a rataye a kan gudun yadi arba'in. Na yi shi a daƙiƙa 4.6. Waɗanda ake rububi suna yin 4.4. Tazarar ba ta kai ƙiftawar ido ba, amma a wannan kasuwa ita ce tsakanin mai gida da ɗan haya.

Zaɓen sababbin 'yan wasa na 2017 kwana uku aka yi ana yi a ƙarshen Afrilu, zagaye bakwai, mutum 253. Cikin masu ruga da ƙwallo irina, an ɗauki Leonard Fournette na huɗu, Christian McCaffrey na takwas. Ranar ƙarshe Umma ta yi waina da miyan taushe, mutanenmu na masallaci suka cika falo. Ni ne ɗan fari, don haka Umma ba ta kama sunana, ba ta kuma yabona a gaban mutane, amma na lura sau uku tana leƙowa daga kicin. Aka kira suna na 253, ba nawa ba. Falo ya yi tsit, wani dattijo ya fara "Allah ya sa haka ne mafi alheri." Bai rufe baki ba wayata ta yi ƙara. Wata ƙungiya ce, za su ɗauke ni cikin waɗanda ba a zaɓa ba.

A nan ne aka yi wa rogo kallon kitse. Takardar da na sa wa hannu ta shekara uku ce, jimillar kuɗinta ya haura dala miliyan ɗaya da dubu ɗari shida, shekarar farko 465,000. Wani ɗan'uwa ya sa a Facebook, kafin gari ya waye labari ya zaga dangi a Kano. Abin da bai rubuta ba, domin bai sani ba, shi ne ba ko dala ɗaya a ciki da aka lamunce min, ban da ɗan kuɗin sa hannu da bai kai a sayi tsohuwar mota ba. Sai ka shiga cikin mutum 53 da ƙungiya ke riƙewa in an fara gasa, kuma a biya ka mako-mako, ranar da aka sallame ka an gama. Saƙonni suka fara shigowa. Rufin ɗaki, kuɗin makaranta, kayan ɗakin ƙanwa, kujerar Makka. Kawuna, ƙanin Umma, ya turo murya yana cewa, "Ɗana, Allah ya yanke mana wahala." Ban gyara wa kowa ba. In faɗi gaskiya, daɗin abin nake ji.

Sansanin horo ya buɗe a ƙarshen Yuli. Mu casa'in ne, gurbi 53. A ɗakinmu na masu ruga da ƙwallo mu shida ne, kowa ya san uku ko huɗu za a bari, kuma biyu daga ciki an riga an san su. A makon ne aka fitar da binciken jami'ar Boston: cikin ƙwaƙwalwar tsofaffin 'yan NFL 111 da aka duba bayan rasuwarsu, 110 suna da cutar da ake kira CTE, wadda yawan bugun kai ke jawowa. Likitan da ya fara gano ta a ɗan wasa, Bennet Omalu, shi ma ɗan Nijeriya ne. Na karanta a waya ina kwance, abokin ɗakina ya ce ai iyalan da suka ga alama ne suka ba da gawar, ba kowa ba ne. Gaskiya ya faɗa. Muka kashe fitila. Washegari aka yi mana gwajin ƙwaƙwalwa a kwamfuta, wanda ake ajiyewa don a gwada da shi ranar da ka bugu. Wani tsohon hannu ya riga ya raɗa min dabara: kada ka yi ƙoƙari sosai, ka yi jinkiri da gangan, don ranar da kanka ya juye ka iya cin jarrabawar. Haka na yi.

Mutane suna zaton aikinmu gudu ne kawai. Sabon yaro ba ya samun gurbi da gudu. Yana samu ne in ya iya tsayawa gaban madugu ya tare ƙaton da ya taho a guje, mai nauyin buhu biyu na shinkafa da ɗori, kuma in ya yarda ya ruga cikin masu bin ƙwallon da aka buga sama, inda ake haɗuwa gaba da gaba. Ranar Asabar 26 ga Agusta, a wasan gwaji na uku, na tare irin wannan ƙato, kaina ya riga hannuna isa. Fitilu suka sake komawa ruwan ɗorawa. Akwai likita mai zaman kansa a gefen fili, akwai mai sa ido daga sama, akwai shuɗin tantin da aka fara kafawa a shekarar don duba 'yan wasa. Ba wanda ya lura, domin na miƙe da wuri. Na san wanda ya shiga tantin nan a makon yanke hukunci, ya shiga ke nan.

A daren ne guguwar Harvey ta fara juye ruwa a kan Hustan. Ranar Lahadi da safe na kira ƙanwata na ce, ya kuke, ruwa bai shigo ba dai? Ta yi shiru. Can ta ce, "Yaya, lafiyarka kuwa? Yanzu fa muka gama magana. Na gaya maka ruwa ya kai gwiwa, mun hau bene wajen maƙwabta, motar Baba ta nutse." Na duba wayar. Ga kiran nan, minti goma sha ɗaya, awa guda da ta wuce. Na zauna a bakin gado, tsigar jikina ta tashi. Na ce mata wasa nake yi, layi ne ba kyau. Ta ce, "Yaya, ba a wasa da irin wannan."

Wannan ita ce ranar da ya kamata in taka in je wurin likita. Na yi tunanin, har na sa takalmi. Sai na tuna motar da ke ciyar da mu tana ƙarƙashin ruwa, kayan ɗakin Umma sun jiƙe, ga mutum fiye da ashirin a Kano suna jiran ɗansu mai miliyan. Na cire takalmin.

Wasan gwaji na ƙarshe ranar Alhamis aka yi, ranar Arfa. Gwiwar da aka yi wa aiki ta kumbura kamar ƙwarya, na karɓi allurar kashe zafi na buga. Juma'a Babbar Sallah, ko Idi ban je ba, ina ɗakin otal na ƙura wa waya ido, domin a shekarar ne aka fara yanke mutum 37 a lokaci ɗaya. Ranar Asabar 2 ga Satumba da hantsi baƙuwar lamba ta kira. Muryar wani saurayi ce, cikin ladabi: "Koci yana son ganinka, ka taho da kwamfutar da aka ba ka." Duk ɗan wasa ya san ma'anar wannan magana. Kocin ya yi min magana mai daɗi ta minti biyu. Aka ba ni baƙar leda ta shara in zuba kayana. Kafin in fita aka kai ni wurin likita, aka turo min takarda mai cewa na bar su lafiya lau. Ga yadda abin yake: in ka ce kana da rauni, wajibi ne su yi maka magani su biya ka makonnin jinya, amma ba wata ƙungiya da za ta kalle ka. In ka ce lafiya kake, ka tafi hannu rabbana, amma wataƙila waya ta yi ƙara. Likitan ya dube ni ya ce, "Akwai wani abu da ke damunka?" Kaina yana sarawa, hasken ɗakin yana soka min ido. Na ce babu. Na sa hannu.

Wayar ta yi ƙara a Oktoba. Wata ƙungiya ta ɗauke ni cikin 'yan atisaye, mutum goma da ba sa buga wasa, dala 7,200 a mako. Aikina shi ne in sa riga mai lambar gwarzon ƙungiyar da za mu kara da ita, in kwaikwayi gudunsa, masu tsaron gidanmu su koyi kayar da shi a jikina. Wannan makon ni ne wane, mako mai zuwa ni ne wane. Kowace Talata kuma sai ka ga an kawo sababbin fuskoki gwaji, ka san kujerarka ake aunawa. Da kuɗin na saya wa Baba mota ta hannu, na tura abin da ya samu Kano.

A ƙarshen Disamba mutum biyu suka ji rauni, aka ɗaga ni zuwa cikin 53. Wasa biyu na buga. A na ƙarshe, ranar 31 ga wata, an riga an cinye mu, saura 'yan mintuna koci ya kira lambata. Sanyi ya sa ba na jin yatsuna. Karo na farko ƙofar ta rufe, na cusa kai na samu yadi biyu. Karo na biyu kuwa ta buɗe. Ban san yadda zan kwatanta wa wanda bai taɓa ji ba. Ƙarti suna ta gurnani dama da hagu, sai ga wata 'yar hanya kamar lungun unguwarmu, ciyawa kore shar, ba kowa. Na shiga. Yadi shida, kafin wani ya sure min ƙafa. Karo na uku aka kama ni a baya, na yi asarar ɗaya. Yadi bakwai, shi ne duk abin da littafin NFL ya sani game da ni. Da daddare Baba ya kira, muryarsa tana rawa. "Yadi bakwai? To ai jamfa da wando sun fita, har da ragowa. Babbar riga sai baɗi."

Baɗin ba ta zo ba. Albashin makonnin biyu ya kai dala dubu 27 kowanne kafin haraji da kason wakili, amma a lissafin fansho sai ka yi wasa uku ake rubuta maka shekara ɗaya, kuma sai ka tara shekara uku. Ni ko ɗaya ban samu ba. A Agustan 2018, a filin atisaye, ba wanda ya taɓa ni, na karkata kawai gwiwar ta tafi. Likitan da ya yi aiki na biyu ya ce guringuntsin ya cinye kamar na ɗan shekara sittin. Ya tambaye ni tun yaushe nake wasa a kanta a haka. Na ce ban lura ba. Kun ji, har a gadon asibiti ban daina ba.

Abin da ya biyo baya shi ne wanda na fi jin kunyar faɗa. An ba ni ƙwayoyin kashe zafi bayan aiki, dangin taramol ɗin da ke cinye samarinmu a gida, sai dai sun fi shi ƙarfi. Suka ƙare, na nemi ƙari, da likita ya hana na samo a wani wuri. Na koma ɗakina na yarinta, na rufe taga da bargo saboda haske. Sallah ta zama sai na ga dama. Wata rana Umma ta turo ƙofa da kwanon abinci ta kunna fitila, na daka mata tsawar da har maƙwabta suka ji. Ni, Umma. Ta ajiye kwanon a hankali ta fita, ba ta ce uffan ba. A Kano kuwa labarin da suka sani shi ne ina jinya zan koma. Da bikin 'yar kawu ya tashi, bashin banki na ci na tura, don kada a gane. Na samu aikin dare a wani sito ina ɗaga kwali da gurguwar ƙafa, in wani ya gane ni in ce kama ce.

Wata goma sha huɗu na yi a haka. Wata asuba na fito daga aiki na tarar da Baba a bakin ƙofa cikin mota. Bai ce komai ba har muka isa harabar masallaci, ya kashe inji. Ya buɗe aljihun mota ya ciro wata tsohuwar takarda a cikin leda, duk ruwa ya ɓata gefenta. Kwafin takardar nan ce da ya sa wa hannu ina shekara goma sha uku. Ashe cikin abin da ya tsamo daga ambaliya har da ita. Ya ce, "Na kai wa wani ya karanta min ita da kyau. An rubuta a nan cewa yaro zai iya samun rauni a kai, ko ya shanye, ko ya mutu. Ni na sa hannu, ban karanta ba, ina saurin fita neman dala ashirin. Kuma ni ne kullum nake tambayarka yadi nawa. Ban taɓa tambayarka ina ke maka ciwo ba. Ka yafe min."

Ban taɓa ganin hawayen Baba ba sai ranar. Na ce, Baba, ku daina, ba laifinku ba ne. Daga nan bakina ya buɗe. Na faɗa masa na 2011, da gwajin da na yi wa zamba, da kiran ƙanwata, da takardar likita, da ƙwaya, da bashi. Har aka tayar da sallah muna cikin mota. Ya ce, "Tashi mu je. In an idar, asibiti."

Ba a rana ɗaya aka warke ba. An sa ni a shirin raba mutum da ƙwaya, na koma sau ɗaya, na sake farawa. Na ga likitan ƙwaƙwalwa, na kuma ga likitan da ake zama a yi magana da shi, abin da da can nake ganin na marasa tawakkali ne. Umma tana nata, tofi da habbatus sauda, kuma ita ce mai tuna min ranar ganin likita. Na durƙusa na nemi gafararta, ta kawar da kai ta ce, "Allah ya yafe mana gaba ɗaya, tashi ka ci abinci." Game da CTE, likita ya ce ba a iya tabbatar da ita sai bayan mutum ya mutu, don haka ba zai ce ina da ita ba, ba zai ce ba ni da ita ba. Ciwon kan ya ragu sosai. Mantuwa tana nan kaɗan, shi ya sa ba na rabuwa da ɗan littafi a aljihu. A 2021 na ƙarasa zangon karatun da na bari. Yanzu ina aiki a wani wurin gashin ƙashi, ina koya wa tsofaffin da aka sauya wa gwiwa hawan bene. Wani lokaci tare muke ɗingishi.

A 2023, da manyan masu ruga da ƙwallo irin su Saquon Barkley da Josh Jacobs suka yi ta kokawa cewa ƙungiyoyi sun ƙi ba su doguwar yarjejeniya, abokan aikina sun yi ta mamaki. Ni ban yi ba. Ƙiyasin da aka daɗe ana ambatawa shi ne ɗan NFL yakan yi shekara uku da 'yan watanni, mu masu ruga kuwa ba ma kai ukun. Kowace Afrilu jami'o'i suna sauke sababbin ƙafafu masu arha. In gwarzaye suna kuka, ina ga na shida a ɗaki? Duk da haka, in na ce na tsani wasan na yi wata ƙaryar. Har yau nakan yi mafarkin lungun nan na yadi shida.

A shekarar na je Kano, karo na farko tun tafiyarmu. Na zauna gaban kawu a zaure na warware masa komai, har da bashin bikin. Ya daɗe yana jan carbi. Ya ce, "Ɗana, me ya hana ka faɗa? Mu da muke ta yi maka addu'ar ƙarin arziki, ashe ta lafiya kake bukata." Muka yi shiru. Can ya gyara zama ya ce, to amma wayar da ya ce in taho masa da ita fa, ina fatan ban manta ba. Dariyar da na yi ranar, rabona da irinta tun kafin ambaliya.

Masu turo min saƙo, yanzu tambaya nake fara yi musu kafin in ba su amsa. Nakan ce, in ka bugu a kai ranar da ake kallonka, kuma gidanku suna jiran kuɗin, za ka faɗa? Yawanci sukan ce za su faɗa. Ni ma da haka zan ce.

Baba ya bar tuƙi bara, ya sayi keken ɗinki ya ajiye a gareji, yana yi wa mutanenmu ɗinkin Sallah. Da azumin da ya wuce ya kira ni ya auna ni, bai gaya min dalili ba. Ana jibi Sallah ya miƙo min leda: farar shadda, jamfa da wando. Ya ce yadi bakwai ya saya, biyar suka shiga. Na ce ragowar biyun fa? Ya nuna ɗana da ke rarrafe a ƙarƙashin keken yana jan zare. Ya ce, "Na mai gidan ne. Kuma ka ji, duk ranar da ya kawo maka takarda daga makaranta, kada ka taɓa biro sai ka kira ni."